Rai Uku, Bos Da Akwatin Sa'a: Inda Dokokin Wasan Gem Suka Samo Asali

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar shagon wasan gem da la'asar, lokacin da yara suka taso daga makaranta, ya san irin maganganun da ke fitowa daga ciki. Wannan na cewa ransa ɗaya ya rage, wancan na kukan jininsa ya kusa ƙarewa, wani kuma da ba shi da kuɗin bugawa yana tsaye daga baya yana ba da shawarar a adana harsashi sai an kai wurin bos. Magidancin da ya zo wucewa zai ɗauka shirmen yara ne kawai. Sai dai da za a ɗauki ɗaya daga cikin yaran nan a miƙa masa wani wasa da bai taɓa gani ba, wanda aka rubuta da Japananci ko Rashanci, ba zai yi minti biyu ba zai gane inda aka dosa. Ya san jan layin da ke sama lafiyarsa ce, ya san abin da ke ƙyalli a ƙasa na ɗauka ne, ya kuma san cewa idan kiɗa ya sauya aka rufe ƙofa a bayansa, to ƙato na nan tafe.

Dalili kuwa shi ne, duk da dubban wasannin da ake fitarwa kowace shekara, kusan dukkansu a kan ƴan tubala ƙalilan aka gina su, waɗanda ake ta gado daga wannan wasa zuwa wancan fiye da shekara arba'in ke nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da masu buga wasan su kansu, shi ne akasarin waɗannan tubala ba don daɗin labari aka ƙirƙiro su ba. Abu biyu ne suka haife su: neman kuɗi, da rashin ƙarfin na'urorin zamanin da. Matsalar ƙarfin na'ura an daɗe da wuce ta. Ta kuɗi kuwa tana nan daram, ta ma sauya kama ta shigo cikin wayoyin da ke hannun ƴaƴanmu.

Ramin kwandala

A shekarar 1972 wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka mai suna Atari ya haɗa wata na'ura a cikin akwatin katako, da talabijin a gaba da ramin jefa kuɗi a gefe. Wasan da ke ciki, wato Pong, bai wuce sanduna biyu da ɗigo ɗaya mai kai da komowa a tsakaninsu ba, kamar ƙwallon tebur. Aka kai ta wata mashaya a garin Sunnyvale domin gwaji. Ba a daɗe ba mai wurin ya bugo waya cewa na'urar ta lalace. Da injiniyan da ya haɗa ta, Allan Alcorn, ya je ya buɗe, sai ya tarar lafiyarta lau, mazubin kuɗin ne ya cika maƙil har wata kwandalar ba ta samun wurin shiga.

Daga nan aka gane akwai kasuwa. Irin waɗannan na'urori suka cika mashaya da kantuna da ɗakunan wasa, kowane bugu senti 25 a Amurka, yen 100 a Japan. To a nan lissafi ya fara. Mai shago ya sayi na'ura da tsada, yana biyan haya da wuta. Idan mutum ɗaya ya jefa kwandala ɗaya ya share awa guda yana wasa, an yi asara. Idan kuma aka kashe shi cikin daƙiƙa goma, zai ji an cuce shi, ba zai sake waiwayowa ba. Abin da ake so shi ne ya yi minti biyu ko uku ya faɗi, amma ya tashi yana jin cewa saura ƙiris, kuma laifinsa ne, bari ya sake gwadawa.

Wasannin farko da dama agogo aka sa musu, lokaci na cika wasa ya tsaya. Space Invaders, wanda kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1978, shi ya yaɗa wata hanya da ta fi wannan wayo. Za a ba ka igwa uku, kana harbin wasu baƙin halittu 55 da ke saukowa daga sama sahu-sahu, kuma kana nan a kan na'urar muddin ba a farfasa igwa ukun duka ba, ko baƙin ba su sauko ƙasa ba. Ga rai uku nan. Na farko na koyo ne, na biyu na ƙoƙari, na uku na fargaba. Adadin ma ba a kafe yake ba, domin a cikin akwatin akwai wasu ƴan maɓallai da mai shago kaɗai ke iya kaiwa gare su, inda zai ƙara yawan rayuka ko ya rage. A wasan Pac-Man na kamfanin Namco, wanda ya fito a 1980, mai shago na iya zaɓar rai ɗaya, biyu, uku ko biyar. Wato dai yawan ran ɗan wasa farashi ne, kamar yadda mai shayi ke yanke yawan madarar da zai zuba wa kofi.

Sauran dabarun duk daga wannan lissafi suka fito. Allon gwanaye, inda na'ura ke riƙe makin wanda ya fi kowa, an yi shi ne domin wanda aka ture daga sama ya dawo da kuɗinsa ya ƙwato matsayinsa. Asteroids na 1979 na cikin waɗanda suka fara barin mutum ya rubuta haruffa uku na sunansa a gefen makin. A farkon shekarun 1980 aka kawo damar ci gaba daga inda aka mutu, inda lambobi ke ƙirgawa daga goma zuwa sifili yayin da ɗan wasa ke lalube aljihu hannu na rawa. Wanda ya fi fito da abin a fili shi ne Gauntlet na Atari a 1985. A cikinsa lafiyar jarumi tana raguwa a kai a kai ko da babu abin da ya taɓa shi, kuma hanya mafi sauƙi ta ƙara ta ita ce a sake jefa kwandala. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Jini, maki da bos

Layin lafiyar nan da yara ke kira jini, da makin gogewa da ke sa jarumi ya hau mataki ya ƙara ƙarfi, su ba daga na'ura suka fito ba. Daga kan tebur suka fito. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda ake yi da takarda da fensir da ƴan duwatsun nan masu lamba irin waɗanda ake jefawa a lido. Mutum ɗaya na ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, suna shiga kogo suna faɗa da dodanni suna kwasar dukiya. A wasannin yaƙi na tebur da suka gabace shi, sara ɗaya ke kashe soja, kuma babu wanda ya damu tunda runduna guda yake juyawa. Amma da ya zama kowa jarumi ɗaya gare shi, ya raɗa masa suna ya saba da shi, sai mutane suka ƙi yarda ya mutu a bugun farko. Shi ya sa aka ba kowane jarumi wasu lambobi da ake ragewa duk lokacin da aka ji masa rauni.

Ɗaliban jami'o'in Amurka da ke da damar taɓa manyan kwamfutoci ne suka fara kwashe waɗannan dokoki suka zuba a na'ura. A wani wasa da Gary Whisenhunt da Ray Wood suka rubuta a tsakiyar shekarun 1970 a kan tsarin kwamfuta na PLATO, sun ajiye wani ƙaton maciji mai ruwan zinariya a ƙarshen kogo yana gadin dukiya. Masu bin tarihin wasanni kan ambace shi a matsayin bos na farko. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya da na Sin, inda shugaban miyagu, wanda jarumi ba ya kaiwa gare shi sai ya gama da yaransa, shi ake kira bos. Tsarin ɗaya ne.

Aikin bos iri biyu ne. A na'urar shago shi ne katangar da kwandaloli ke zubewa a gindinta, domin wanda ya sha wahala ya iso wurinsa ba zai so ya koma farko ba. A wasan gida kuwa, inda an riga an biya kuɗi, bos jarrabawa ce. Duk abin da aka koya maka a wannan zango, tsalle ne ko kaucewa ko amfani da sabon makami, a kansa za a tambaye ka. Shi ya sa bos nagari yake da salon da yake maimaitawa, yana ɗaga hannu kafin ya kai duka, yana buɗe wani wuri mai rauni na ɗan lokaci. Idan yaro ya ce ya gane bos, abin da yake nufi ke nan.

Dodannin da talauci ya haifa

A nan ne labarin ya fi daɗi, domin yawancin halittun da suka yi suna, ƙarancin wuri ne ya zana su. Wasan Super Mario Bros. na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1985, gaba ɗayansa kimanin kilobait 40 ne. Hoto guda da mai karatu zai ɗauka da wayarsa ya ninka shi sau gommai. Saboda haka gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Ɗan dodon nan mai kama da laimar kwaɗi da ake fara takawa, Goomba, a ƙarshen aiki aka ƙara shi lokacin da wuri ya kusa ƙarewa, don haka hoto ɗaya gare shi, ana juya shi hagu da dama sai ya zama kamar yana tafiya. Shi kansa Mario, da Shigeru Miyamoto ya fara zana shi a wasan Donkey Kong na 1981, an sa masa hula ne don a huta da zana gashi, aka sa masa gashin baki don hancinsa ya fito tunda ɗigogin fuskar ba su isa a zana baki ba, aka kuma sa masa rigar makanikai don a riƙa ganin motsin hannuwansa.

Haka abin yake a Space Invaders. Wanda ya ƙirƙiro shi, Tomohiro Nishikado, ya lura cewa duk lokacin da aka harbe wasu daga cikin baƙin, sauran sai su ƙara gudu, saboda aikin zana su ya ragu wa na'urar. Maimakon ya gyara, sai ya bar shi. Abin da yau kowane wasa ke yi, wato tsanani ya riƙa ƙaruwa yayin da ake ci gaba, a can ya samu gindin zama.

Dabarar sauya launi kuwa ta zama al'ada. A Dragon Quest na 1986, mai zanen nan Akira Toriyama, wanda ya rasu a 2024, ya zana wani dunƙulen yauƙi mai kama da ɗigon ruwa, shuɗi, yana murmushi. Shi ne dodon farko da ɗan wasa ke haɗuwa da shi, mara ƙarfi, domin a koyi faɗa a kansa. A gaba kaɗan sai ga ja, ya ɗan fi ƙarfi. Can gaba sai ga mai ruwan ƙarfe, wanda ke ba da maki mai yawa amma da wuya ya tsaya, gudu yake yi. Zane ɗaya, dodanni uku. A Mortal Kombat na 1992, wanda ya yi tashe ƙwarai a shagunan gem, mayaƙan nan masu rufe fuska, Scorpion mai ruwan ɗorawa da Sub-Zero mai shuɗi da Reptile mai kore, mutum ɗaya aka ɗauka da kyamara sanye da kaya ɗaya, aka rina hoton. Da ƴan wasa suka saba, sai launi ya zama harshe: ka ga dodon da ka sani da sabon launi, ka san ya fi na baya haɗari. Har yau ana yin haka a wasannin da ba su da matsalar wuri ko kaɗan.

Wasu kuma kuskure ne tsantsa. Dodon nan kore na Minecraft mai lallaɓowa ya fashe, Creeper, alade Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya so ya zana a 2009, sai ya rikita tsawo da tsayi, abin ya fito a tsaye. Hazon da ya lulluɓe garin Silent Hill a wasan 1999, wanda ya tsorata mutane da dama, an sa shi ne saboda PlayStation ta farko ba ta iya zana abin da ke nesa. A Resident Evil na 1996, ƙofar nan da ke buɗewa a hankali cikin duhu tana ƙara, lokacin da na'ura ke ɗauko ɗaki na gaba daga faifai ake ɓoyewa da ita.

Fatalwowi huɗu na Pac-Man sun cancanci a ɗan tsaya a kansu, domin su ne suka nuna cewa ana iya ba dodo hali da ƴar doka guda. Jar tana bin ka kai tsaye. Mai ruwan hoda ba inda kake take nufa ba, ƴan taku kaɗan a gabanka take nufa, don ta tare ka. Mai ruwan lemo tana zuwa, amma da ta matso kusa sai ta juya ta nufi kusurwarta. Shuɗiyar kuma lissafinta ya dogara da inda jar take. Babu wadda ke da wayo a cikinsu, amma idan suka haɗu sai ka rantse shawara suka yi. Toru Iwatani, wanda ya tsara wasan, ya kuma ajiye manyan ƙwayoyi huɗu a kusurwoyi, waɗanda idan aka ci ɗaya, na ɗan lokaci mai gudu ya zama mai kora. Laimar kwaɗin Mario da tauraronsa da duk wani abin ƙara ƙarfi na wucin gadi, zuriyar waɗannan ƙwayoyi ne.

Sunayen dodanni kuwa aro ake yi daga ko'ina, kuma wasu daga ciki mai karatu ya riga ya san su. Ifiritu, wanda muka sani cikin aljanu, a jerin wasannin Final Fantasy na Japan ya zama wani ƙato mai ƙaho da ake kira ya yi aman wuta. Bahamut, wanda a tsofaffin littattafan Larabawa babban kifi ne da ke ɗauke da duniya, Dungeons & Dragons ya mai da shi sarkin macizai masu fuka-fuki, Japanawa suka ɗauka daga can, har ya zama yara da yawa ba su san shi da wata kama ba. Akwatin dukiyar nan da ke buɗe baki ya ciji wanda ya taɓa shi, shi ma daga wasan teburin ya fito a shekarun 1970, kuma a Dark Souls na 2011 mai haƙuri zai iya gane shi, domin idan aka zuba masa ido za a ga yana numfashi.

Babu dai wanda ya kai gawa mai tafiya, wato zombi, yawan fitowa. Kalmar daga Haiti ta fito, inda take nufin mamacin da boka ya tayar yana yi masa bauta, tsoron da ke da alaƙa da tarihin cinikin bayi a tsibirin. Siffar da aka sani yanzu, ta gawarwaki masu cin naman mutane, fim ɗin George Romero na 1968 ne ya kawo ta. Masu haɗa wasa na son zombi ne saboda arha yake. Ba ya buƙatar wayo, miƙewa kawai yake yi ya nufo ka. Ana iya zuba ɗari a wuri ɗaya. Sannan ɗan wasa na iya harbin abu mai siffar mutum ba tare da an ce ya kashe mutum ba. Sai dai wannan uzuri bai hana surutu ba lokacin da aka nuna tallar Resident Evil 5 a 2007, wasan da aka gina labarinsa a wani ƙagaggen yanki na Afirka, inda aka ga Bature yana harbin tarin baƙaƙen fata da cuta ta haukata. Wasan ya fito a 2009, kuma ko a lokacin masu sukar ba su yi shiru ba.

Da wasa ya shiga gida

Lokacin da na'urorin gida suka yaɗu, sai lissafin ya juya. Wanda ya sayi kaset ya riga ya biya, babu ribar da za a samu a kashe shi. Rai uku ya ci gaba da zama na wasu shekaru saboda sabo, da kuma don kada a gama gajeren wasa a yini ɗaya. Amma a hankali aka yi ta sassautawa. Kaset ɗin The Legend of Zelda da aka sayar a Amurka a 1987 ya zo da ɗan batir a ciki, wanda ya ba mutum damar ajiye inda ya tsaya ya dawo gobe. Wani ma'aikacin Konami, Kazuhisa Hashimoto, da wasan Gradius ya yi masa wuya lokacin gwaji a 1986, sai ya ɓoye wasu danne-danne na sirri da ke ba shi makamai, aka fitar da wasan da su a ciki. Waɗannan danne-danne ne suka riƙa ba yara rai 30 a wasan Contra.

Daga baya aka zo da lafiya mai dawowa da kanta idan aka ɓuya na ɗan lokaci, kamar a Call of Duty 2 na 2005. A Super Mario Odyssey na 2017, Nintendo ya cire ƙidayar rayuka gaba ɗaya. Idan Mario ya mutu, kwandala goma ta cikin wasa kawai yake rasawa. A wannan lokaci mutum zai iya cewa an binne ramin kwandala.

Ramin ya dawo ta waya

Ashe ƙaura ya yi. Da wayoyin zamani suka yaɗu, sai kamfanoni suka gane cewa mutane ba sa son biyan kuɗi kafin su sauke wasa. Sai aka ba da wasan kyauta, aka koma neman kuɗin daga ciki. Candy Crush Saga na kamfanin King, wanda ya fito a 2012, ya ba ɗan wasa rai biyar. Idan suka ƙare, ko dai ya jira minti 30 kafin rai ɗaya ya dawo, ko ya roƙi abokansa na Facebook, ko ya saya. Wannan shi ne Gauntlet na 1985 sak, sai dai yanzu na'urar a aljihu take, kuma ba ta rufewa da dare. A 2016 kamfanin Activision Blizzard ya kammala sayen King a kan dalar Amurka biliyan 5.9.

Akwatin dukiya ma ya dawo, amma da farashi. Ana biyan kuɗi a buɗe, ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. A Japan ana kiran tsarin gaca, daga sunan injinan da ake jefa wa kuɗi su fito da ɗan kwalli mai abin wasa a ciki. Masu son ƙwallon ƙafa sun san shi a sashen Ultimate Team na wasan FIFA, wanda kamfanin EA ya fara a 2009, inda ake sayen ƙunshin katunan ƴan wasa da fatan a dace da babban tauraro. A shekarar kuɗi ta 2021 kamfanin ya bayyana cewa wannan sashe, a duk wasanninsa na motsa jiki, ya kawo masa dalar Amurka biliyan 1.62. Da ya fara bayyana damar dacewa a 2018, sai aka ga wasu katunan da aka fi nema damar samunsu ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba.

Me ya sa abin ke kama mutum haka? Tun a shekarun 1950 masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, ya gwada da tantabaru. Idan tantabara ta san cewa duk sara kaza a kan maɓalli hatsi zai fito, tana yi tana hutawa. Amma idan ba ta san ranar dacewa ba, wani lokaci sara uku, wani lokaci hamsin, sai ta yi ta sara ba ƙaƙƙautawa. A kan wannan aka gina injin caca, kuma a kansa aka gina akwatin sa'a, har da walƙiya da kiɗa da ɗan jinkirin nan kafin a nuna abin da ya fito.

Hukumomi sun farga. A 2012 Japan ta hana wani nau'in gaca da ke sa mutum ya tara jerin kaya kafin ya samu babbar kyauta. A 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni su bayyana damar samun kowane abu. A watan Afrilu na 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a na wasu wasanni, har da FIFA 18, caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasar, kuma a watan Janairu na 2019 EA ya daina sayar da kuɗin wasan a can. A Amurka, a 2014 kamfanin Apple ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dalar Amurka miliyan 32.5 saboda sayayyar da yara suka yi ba da izini ba, domin a lokacin idan uba ya shigar da kalmar sirri sau ɗaya, ƙofa na zama a buɗe har minti 15. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 520, daga ciki miliyan 245 na mayar wa mutanen da tsarin maɓallan wasan ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa wasan kyauta ya buɗe wa miliyoyin yara ƙofar da a da take rufe. Yaron da iyayensa ba za su taɓa iya saya masa PlayStation ba, yau yana buga Free Fire ko PUBG a ƙaramar waya tare da takwarorinsa na Brazil da Indonesiya, kuma mafi yawan masu bugawa ba sa kashe ko sisi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, da ta sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019, ta ce kaso kaɗan ne na masu wasa abin ke shafa. A ganina ba wasan ne abin tsoro ba, ramin ne da ba a gani. A shagon unguwa, ko da sefa ake biya ko naira ko sidi, yaro na miƙa kuɗi da hannunsa, mai shago ya ƙirga, idan aljihu ya ƙare a tashi. A waya kuwa an fara mai da kuɗin zuwa lu'ulu'u ko zinariyar wasa, ta yadda yaro ba ya jin kuɗi yake kashewa, kuma sau da yawa ƙunshin da ake sayarwa ba ya daidai da farashin kayan, kullum sai an bar ɗan saura da zai sa a ƙaro.

A Play Store da App Store duka akwai wurin da ake kunnawa domin a riƙa tambayar kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye, akwai kuma tsarin da ke aiko wa uba ko uwa saƙon neman izini idan yaro ya danna saye a tasa wayar. Apple tun 2017, Google kuma tun 2019, sun wajabta wa masu sayar da akwatin sa'a su nuna damar dacewa kafin a biya, kodayake galibi a bayan wata ƴar ƙaramar alama ake ɓoye lambobin a gefen allo. Wayar da aka taɓa shigar da lambar katin banki a cikinta, aka kuma miƙa wa yaro ba tare da an kunna wannan kariya ba, danna biyu ya isa a cire kuɗi.